Ranar da Dillalin Shanu Ya Nemi La'ada a Shagon Mota

Akwai wata Asabar a Landan da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. Har yau in bas ta bi da ni ta Old Kent Road na hango motoci jere da farashi manne a gilashi, sai in kama kaina ina dariya ni kaɗai, fasinjoji suna satar kallona. Ranar ce muka raka 'yar ƙanwata sayen mota, ni da wani abokina, saura ƙiris ta rasa aikin da ta daɗe tana nema.

Yarinyar a Abbey Wood take zaune. Ta sami aikin care, wato ta riƙa zagaya gidajen tsofaffi tana ba su magani, tana taimaka musu da wanka da abinci. Sharaɗi ɗaya kamfanin ya gindaya mata: ta zo da motarta ranar Litinin, domin gidajen a warwatse suke, bas ba za ta kai ta a kan lokaci ba. In babu mota, sai su ba wani gurbin. Ta ga wata 'yar ƙaramar mota ta hannu a intanet, ta yi booking aka ajiye mata ita, kamfanin bashi ma ya amince zai biya, ita kuma ta riƙa biyansu wata-wata. Abin da ya rage kawai ta je ta gani, ta sa hannu, ta tuƙo abarta.

Ta kira ni ta ce, "Kawu, ka raka ni mana. Ba sai ka ce komai ba. Ka zauna kusa da ni kawai, kar su ga ni kaɗai ce su cusa mini abin da ban nema ba."

Na ce ba komai. Da a nan maganar ta tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma ranar Juma'a na shiga kasuwar Deptford sayen doya, na ci karo da abokina, wanda kowa ke kira Alhaji. Mutumin zangon Kumasi ne, ni kuma Kirista ne daga Filato, Hausa ce ta haɗa mu a gaban teburin mai doya shekarun baya, muka zama kamar 'yan uwa. Kafin ya zo Ingila ya kama aikin gadi, dillalin shanu ne, kuma a zuciyarsa bai taɓa ajiye sana'ar ba. Ko kaza ya gani a firjin kanti sai ya ƙiyasta shekarunta. Cikin hira na ce masa gobe zan raka 'yata sayen mota.

Ya ajiye doyar da ke hannunsa. Hausar zango ba ta damu da raba mace da namiji ba, don haka ya ce, "Yarinyan nan zai saya mota? Wanene dillalinshi?"

"Babu dillali, Alhaji. A nan farashi a rubuce yake."

"Dattijo, kai ka yawo duniya, amma ba ka san kasuwa ba. Farashin da aka rubuta, don wawa aka rubuta. Gobe ina zuwa."

Kuma ya zo. Muka same shi a tashar bas cikin babbar riga mai aska, ya ɗora kwat ɗin sanyi a kai, ga sandarsa ta dillalai a hannu. Yarinyar ta rusuna ta gaishe shi, ta juyo ta kalle ni. Na kalli sama kamar ina duba ko za a yi ruwa. Tun a hanya ya fara ba ta darasi: kar ta yi murmushi, kar ta taɓa motar, in an tambaye ta ko tana so ta ce launin bai yi mata ba.

"Baba Alhaji, ni na zaɓi launin fa."

"Yau ba ka so shi."

Wanda ya tarbe mu a shagon wani Bature ne mai fara'a, da taye da 'yar kwamfuta a hannu. Ya kai mu wajen motar, ja ce, an wanke ta tana ƙyalli. Yarinyar ta fara washe baki, Alhaji ya zungure ta da gwiwar hannu. Daga nan ya shiga aiki. Ya zagaya motar a hankali yana girgiza kai kamar wanda aka nuna wa gawa. Ya danna ƙofa da tafin hannu yadda ake danna haƙarƙarin sa a ji ƙiba. Ya sa aka buɗe gaba, ya leƙa injin kamar mai ƙirga haƙora. Ya bubbugi tayoyin da sanda ɗaya bayan ɗaya, sannan ya koma baya ya tsuguna ya leƙa salansa, ya daɗe a wurin. Da ya miƙe sai ya ce da ni, "Gaya mishi dabban nan ya sha wahala. Amma za mu taimake shi mu saya."

Na fassara abin da zai fassaru. Alhaji yana jin Turanci daidai na bakin ƙofar da yake gadi, amma ya ce ciniki ba a yin sa da harshen mai kaya, shi ya sa na zama tafinta. Ya taya motar da abin da bai kai rabin kuɗinta ba. Baturen ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, ya ce farashin daga babban ofishinsu yake zuwa, shi ba shi da ikon taɓa shi. Alhaji ya ce mu tafi. Muka bi shi har bakin titi, ya tsaya yana jiran a kira mu. Ba wanda ya kira mu. Da muka waiga, Baturen yana tsaye yana ɗaga mana hannu cikin ladabi, yana mana fatan alheri.

"Wannan mutum ba shi da tarbiyyan kasuwa," in ji Alhaji. Muka koma da ƙafafunmu.

Na ga yadda ake sayar da mota a wurare da dama lokacin da nake aikin jirgin ruwa. A Kwatano, kafin ka kai ga motar mutum biyar sun biyo ka, kowa ya ce shi ya fara ganin ka. A Jidda sai an sha shayi an tambayi lafiyar iyali kafin a ambaci kuɗi. A Jamus mai mota zai miƙa maka tarihin duk wani gyara da aka taɓa yi mata, ya tsaya yana kallon agogo. Amma ban taɓa ganin an yi cinikin mota da dokokin kara, wato kasuwar shanu, ba sai ranar. Alhaji ya kama hannun Baturen da damansa, ya kama na yarinyar da hagunsa, yana jijjiga su yana cewa, "Sallama. Ka ce sallama." Baturen ya dube ni, fuskarsa ta yi ja. Na ce masa al'adarmu ce, ba rigima ba. A ƙarshe, don ya karɓi hannunsa, ya ce zai ƙara mana shimfiɗun ƙafa na roba kyauta. Alhaji ya sake shi, ya ce da ni a kunne, "Ka gani? Gyara ya fito. Da ba ni nan fa?"

Yarinyar ta sauke ajiyar zuciya, ni ma haka. Muka ɗauka an wuce wurin. Ashe ba a fara ba.

Aka shiga da mu ofis don sa hannu a kan bashin. A nan sai na ɗan yi bayani, don wanda bai san ƙasar ba. A da, masu sayar da mota a Ingila su ke haɗa ka da kamfanin bashi, kamfanin kuma ya ba su wani kaso a bayan fage, kai ba ka sani ba. Wasu har ɗaga kuɗin ruwan suke yi don kasonsu ya ƙaru. Hukuma ta hana wannan, magana ta kai har kotu, daga nan aka matsa wa masu shagunan: su gaya wa mai saye ƙarara cewa akwai abin da suke samu a kan bashinsa, su faɗi yawansa, shi kuma ya amince. Dillancin bashi ma ba kowa ke yin sa ba, sai wanda hukuma ta ba izini.

To Baturen ya gyara zama ya karanta wa yarinyar wannan bayani daga kwamfuta, ya faɗi abin da shagon zai samu, ya tambaye ta ko ta fahimta kuma ta yarda. Alhaji ya taɓa ni da sanda ya ce me ake cewa. Na ce, "Yana gaya mata la'adar da kamfanin bashi zai ba su. Doka ce ta tilasta musu."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta haskaka haka ba. "La'ada? Ashe mutanen nan sun san la'ada? Kuma sai gwamnati ya tsaya a kansu kafin su faɗi?" Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce a kararsu, dillalin da ya ɓoye la'ada ko sau ɗaya, ba ya sake riƙe igiyar sa a kasuwar. Ya miƙa wa Baturen hannu suka gaisa, a karon farko da girmamawa, kamar ya gano ɗan uwansa da ya ɓata.

Sai ya gyara riga ya ce, "To, a raba."

"A raba me, Alhaji?"

"La'ada biyu ne. Na dillalin mai kaya, da na dillalin mai saya. Shi ya tsaya ma mota, ni na tsaya ma yarinya. Rabi nashi, rabi nawa."

Na ce, "Alhaji, daga kuɗin ruwa fa take fitowa."

"Ruwa daban, la'ada daban. Ni gumina nake nema. Ba ka ga na tsuguna ba?"

Na ƙi fassarawa. Da ya ga haka sai ya ajiye tafinta ya ɗauko Turancinsa na bakin ƙofa. Ya buga ƙirji ya gaya wa Baturen cewa shi dillali ne tun kafin a haifi Baturen, shi ya kawo wannan mai sayen, kuma rabin abin da kamfanin bashi zai bayar nasa ne. Duk kalmar da bai kamata ta fito daidai ba, ranar ta fito daidai.

Murmushin Baturen ya ɗauke. Ya janye hannunsa daga kwamfutar kamar ta yi zafi, ya ce mu ɗan jira. Ya dawo da manajar shagon, wata mata mai tabarau a rataye a wuya, irin mutanen da ba sa ɗaga murya don ba sa bukata. Ta tambayi Alhaji ko shi ya gabatar da wannan mai sayen don a biya shi. Ya ce sosai. Ta tambaye shi ko yana da izinin hukuma na dillancin bashi. Ya ce sarkin kara da kansa ya ba shi sanda. Ta rubuta wani abu. Sannan ta ce, cikin natsuwa, tunda akwai wani dillali a cikin cinikin da ke neman a biya shi, kuma ba su san shi ba, ba za su iya ci gaba ba. Dole sai ta tura maganar ga masu kula da bin doka a babban ofishinsu. Su kuma ba sa aiki sai Litinin.

"Litinin?" in ji yarinyar. "Litinin da safe nake da first visit, gidan farko da zan je. In ban zo da mota ba za su yi cancel ɗin komai."

Manajar ta ce ta fahimta, amma akwai wani abu kuma. Tana so ta yi magana da ita ita kaɗai. Daga baya muka ji abin da aka tambaye ta: ko ta san waɗannan tsofaffin biyu, ko tilasta mata suke yi ta ci bashi, ko tana jin tsoron mai sandar. An koya musu su lura da mai sayen da wani ke matsa wa, kuma a gaskiya, in ka ga dattijo riƙe da hannun yarinya yana jijjigawa yana neman rabin kuɗi, ba za ka ga laifinsu ba.

Aka bar mu a kujerun jira, kusa da injin shayi. Alhaji ya danna ya sami wani ruwan ɗumi mai launin ƙasa, ya kurɓa, ya ce ko saniya ba za ta sha ba. Ta gilashi muna hango yarinyar tana bayani da hannu bibbiyu, tana nuna mu, tana dafe kai.

Na ce, "Alhaji, abu ɗaya ne mafita. Ka shiga ka ce kai ba dillali ba ne, ba ka neman komai."

Ya dube ni kamar na ce ya canza addini. "In ce ni ba dillali ba? Da bakina? Ubana dillali, kakana dillali. Kuma cinikin da dillali ya tsaya aka hana shi la'ada, ba albarka a ciki. Motan nan zai lalace a hanya. Ni ina kare yarinyan ne."

Da gaske yake. Wannan ne abin da ya sa na kasa yin fushi. Ba kwaɗayi ba ne. Da an ba shi kuɗin, na san goro zai saya ya raba a masallaci. Shi dai a duniyarsa ciniki bai cika ba sai la'ada ta shiga hannun wanda ya tsaya. Na gwada lallashi, na gwada tsoratarwa, na ce za a iya kiran 'yan sanda. Ya ce su zo, zai yi musu bayani, ai su ma suna da iyaye. Masu shagon kuma sun fara shigo da allunan talla daga waje, alamar an kusa tashi.

Sai ga yarinyar ta fito, manajar na biye da ita. Idanunta sun yi ja, na ɗauka za ta zazzaga masa masifa da Turanci irin na yaran da suka girma a nan. Ba ta yi ba. Ta zo gabansa, a tsakiyar shagon, kan tayil ɗin da ke sheƙi, ta durƙusa har ƙasa yadda uwarta ta koya mata.

"Baba Alhaji, tambaya zan yi. A kararku, in 'yar dillali ta zo sayen saniya, ubanta ya tsaya mata, yana karɓar la'ada a hannunta?"

"Subhanallahi. Wane irin dillali ne wannan? Abin kunya ne. Za a yi mishi waƙa a kasuwa."

"To ni wace ce a wurinka?"

Alhaji ya kalle ni, na sake kallon sama, wannan karon silin ne. Shi ne ya je ɗaukar ta a filin jirgi tare da ni ranar da ta fara zuwa ƙasar, shi ke aiko mata da naman layya duk shekara ko da yake coci take zuwa. Ya sa sanda ya miƙe, ya ɗaga ta, ya fuskanci manajar ya ce da Turanci shi ubanta ne, kuma uba ba ya karɓar ko sisi.

Manajar ta sa tabarau. Ta ce ɗazu yarinyar ta gaya mata mahaifinta yana Najeriya, wannan kuma ya ce shi daga Gana yake. Nan na shiga tsakani, na yi mata bayanin cewa a wurinmu yaro yakan tara iyaye da yawa, wasu ma ba ya zaɓar su, su ke zaɓar sa. Sai ta tambayi Alhaji kai tsaye: a duk shekarunsa na dillanci, bashin mota nawa ya taɓa haɗawa?

"Mota? Ko ɗaya. Shanu."

"Shanu," ta maimaita da harshensu, a hankali.

Ya ɗora hannaye biyu a kai ya yi mata ƙaho, don kar a sami rashin fahimta. Baturen mai taye ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Manajar ta cije leɓe ta ce, iya saninta, hukumar da ke kula da bashi ba ta da hurumi a kan shanu. Ta sake tambayarsa sau ɗaya ko akwai wanda zai biya shi wani abu a kan wannan ciniki, yanzu ko nan gaba. Ya ce babu, ya ƙara da rantsuwar da ban fassara ba. Ta ce to a ci gaba, amma da sharaɗin iyayen duka biyu su zauna a waje.

Haka aka yi. Yarinyar ta sa hannu ita kaɗai, ta amince da la'adar shagon, ta ƙi duk wani ƙarin inshora da ba ta nema ba, ba tare da taimakon kowa ba. Ta fito da makulli ana sauke ƙofar shagon.

Muka shiga, Alhaji a gaba, ni a baya gwiwoyina a ƙirji. Ba mu yi nisa ba wata 'yar fitila ta kunnu, alamar mai ya kusa ƙarewa, domin shagunan nan ba sa barin fiye da abin da zai fitar da kai daga harabarsu. Yarinyar ta shiga gidan mai, ta kashe mota, ta zauna ba ta motsa ba.

"Baba," ta ce, ba ta ƙara Alhaji ba, "a garinmu in 'ya ta yi sabon abin hawa, uba ne ke fara zuba mai. Don albarka."

Ya juyo ya dube ni. "Haka ne, Dattijo?"

Ban taɓa jin wannan al'ada ba a Filato ko a wani wuri. Na ce, "Tun kaka da kakanni."

Ya fita yana gunaguni, ya ɗage babbar riga ya laluba aljihun ciki, ya cika mata tanki. Mutumin da ya fito neman rabin la'ada ya koma gida aljihunsa ya fi na safe sauƙi. Ranar Litinin yarinyar ta isa gidan tsohuwar farko da za ta kula da ita kafin lokaci, kuma tana kan aikin har yanzu.

Abin da na koya a ranar bai da yawa, amma ya zauna mini. Matsayin da mutum ya yi iƙirari a bainar jama'a, za a riƙe shi da shi, ko a gaban doka ko a gaban iyali. Alhaji ya ce shi dillali ne, hukuma ta nemi izininsa. Ya ce shi uba ne, 'ya ta nemi mai. Tun daga lokacin, in zan raka wani inda za a sa hannu, nakan yanke shawara tun daga gida ko ni wane ne a wurin, sannan in duba aljihuna in ga ko zan iya.